Lasisin Windows bod yake bi, ba rumbun ajiya ba

Galibi haka abin ke faruwa. Mutum ya sayi sabon madabod da sabuwar furosesa, ya kwance akwatin kwamfuta, ya ɗaura kayan, ya mayar da tsohon rumbun ajiyarsa yadda yake. Windows ta tashi lafiya lau, fayiloli na nan, ko hoton da ke fuskar kwamfutar bai gusa ba. Sai can bayan 'yan sa'o'i wani dusashen rubutu ya ɓullo a kusurwar dama ta ƙasa, yana cewa a je a tabbatar da Windows. Mai kwamfuta ya rasa gane kan abin: ai rumbun nan ne dai, kuma Windows ɗin nan ce da aka biya kuɗinta.

Kuskuren yana cikin zaton cewa lasisi a rumbu yake zaune tare da fayiloli. A idon Microsoft, kwamfuta ita ce madabod, wato babban faifan nan da furosesa da ram da katin hoto duk suke hawa kansa, wanda masu gyara ke taƙaitawa su ce bod. Ka canja bod, ka canja kwamfuta, ko da akwatin da rumbun da sauran kayan duk tsofaffin ne. Kusan duk abin da zai ceci lasisin kuwa tun kafin a ɗauki sukundireba ake yin sa.

Abu biyu ne da ake cakuɗawa

Akwai lasisi, akwai tabbatarwa, wadda masu gyara ke kira aktibeshan. Lasisi shi ne iznin da ka saya na amfani da manhajar bisa sharuɗɗan da ke rubuce. Tabbatarwa kuma bincike ne da Windows ke yi tsakaninta da sabar Microsoft don ganin ko iznin ya dace da na'urar da take kai. Ba kullum suke tafiya tare ba. Mai sahihin lasisi kan iya ganin tabbatarwa ta ƙi, wanda ba shi da izni kuma kan iya ganin ta wuce na wani lokaci. Wanda ya bambance su zai san lokacin da ya dace ya tsaya kan haƙƙinsa a gaban Microsoft, da lokacin da ba shi da abin tsayawa a kai.

Tabbatarwa ta shigo ne da Windows XP a 2001. A wancan tsarin Windows na duba sassa goma na kwamfuta, cikinsu har da katin hoto, katin sadarwa, yawan ram, nau'in furosesa, rumbu da na'urar CD. Kowane sashe na da ƙuri'a ɗaya, katin sadarwa na da uku, kuma ana bukatar ƙuri'a bakwai kafin ta yarda cewa kwamfutar ce dai. Daga nan tsoron da har yau wasu ke yi na ƙara ram ya samo asali. Da zuwan Windows 8 a 2012, manyan masu ƙera kwamfuta suka daina manna takardar mabuɗi a jikin akwati, suka koma rubuta mabuɗin a cikin BIOS, ƙaramar manhajar da ke zaune a jikin bod ɗin kansa, a wani jadawali mai suna MSDM. Windows 10, wadda ta fito ran 29 ga Yulin 2015, ita ta kawo abin da yanzu ake kira lasisin dijital: Windows na haɗa wata lamba daga siffofin kayan kwamfutar, tamkar zanen yatsa, ta aika wa Microsoft, shi kuma ya rubuta cewa na'ura mai wannan zanen tana da iznin nau'in Windows na Home ko na Pro. Duk lokacin da aka sake ɗora Windows a na'urar, sai ta nuna yatsa a wuce da ita ba tare da an rubuta mabuɗi ba. A watan Agustan 2016, da sabuntawar da ake kira 1607, aka ƙara damar ɗaura wannan lasisin a kan asusun Microsoft, kuma wannan ɗaurin shi ne igiyar da ake jawo lasisi da ita idan bod ya canja.

Wane irin lasisi ne a hannunka

Iri uku ne ke yawo. Na farko shi ne Retail, wanda mutum ya saya daban, a kwali ko ta intanet daga Microsoft ko wani amintaccen dillali. Sharuɗɗansa sun yarda a ɗauke shi daga wannan kwamfuta zuwa waccan, muddin ba a bar shi a kan guda biyu lokaci ɗaya ba. Na biyu OEM, wanda ya zo tare da kwamfuta daga masana'anta, ko mai haɗa kwamfuta ya ɗora lokacin haɗawa. Shi wannan da na'urar farko aka ɗaura masa aure: ana iya sayar da kwamfutar da lasisinta, amma ba a raba su. Na uku Volume, na ma'aikatu da makarantu, wanda ba mallakin mutum ɗaya ba ne tun asali. A Jamus da wasu ƙasashe doka ta sassauta ƙa'idar sauya hannu, har sharuɗɗan Microsoft ɗin da kansu suka ware su daga wannan sashen, amma ga yawancin duniya rabon nan uku shi ke aiki.

Don sanin naka, buɗe Command Prompt, tagar rubuta umarni ta Windows, da ikon mai gudanarwa ka rubuta slmgr /dli. Wani ɗan akwati zai fito da nau'in Windows, da tashar lasisin, wato RETAIL ko OEM_DM ko VOLUME_KMSCLIENT ko VOLUME_MAK, da kuma haruffa biyar na ƙarshen mabuɗin. Umarnin slmgr /xpr kuma zai faɗa maka ko tabbatarwar ta dindindin ce ko tana da ranar ƙarewa.

A nan akwai tarkon da ke kama har masu gyara. Kwamfutar da ta hau Windows 10 kyauta daga Windows 7 ko 8 kan nuna RETAIL ko da asalin lasisinta OEM ne. Abin dubawa shi ne haruffa biyar ɗin nan. Idan ka ga 3V66T a kan Pro, ko 8HVX7 a kan Home, to wannan mabuɗin gama-gari ne da miliyoyin kwamfutoci ke ɗauke da shi. Shi kaɗai ba ya buɗe komai. Alama ce kawai cewa lasisin dijital ke riƙe da kai. Ƙananan manhajojin nan da ke alkawarin zaƙulo maka mabuɗinka su ma sau da yawa shi suke nunawa, mutum ya kwafe a takarda ya adana da murna, sai ranar bukata ya tarar ba ya aiki. Lasisin da aka samu ta hanyar hawa kyauta yana gadon matsayin na asali: idan tushen OEM ne, OEM yake har gobe.

Mabuɗin da ke cikin BIOS kuma ana ganin sa ta PowerShell, wata tagar rubuta umarnin, da umarnin (Get-CimInstance SoftwareLicensingService).OA3xOriginalProductKey. Idan ya dawo da haruffa 25, rukuni biyar-biyar, bod ɗinka na ɗauke da mabuɗin masana'anta. Idan bai dawo da komai ba, babu. Bod ɗin da aka saya daban a kwali domin haɗa kwamfuta ba ya zuwa da shi. Tsoffin bayanai na ba da umarnin wmic don wannan aikin, sai dai Microsoft ya fara cire wmic daga sababbin fitowar Windows 11, don haka PowerShell ya fi tabbas.

Sassan da ba su da matsala

Ƙara ram ko canja shi, sauya katin hoto, sauya na'urar wuta, ƙara rumbu na biyu, duk waɗannan ba sa taɓa lasisi. Haka ma barin tsohon rumbu mai juyawa a koma SSD, ko an kwafe Windows ɗin ɗungurungum ko an ɗora sabuwa: muddin bod bai canja ba, da ta ga intanet za ta tabbatar da kanta. Lokacin ɗorawa idan ta nemi mabuɗi, a zaɓi "I don't have a product key" a wuce. Canja furosesa kaɗai ma galibi ba ya ɗaga lasisi, ko da yake yana da nasa haɗarin da za mu zo kansa. Sabunta BIOS kan girgiza tabbatarwa jefi-jefi, amma wannan da wuya ya fi ƙarfin sake gwadawa.

Bod shi ne maganar. Ko da an maye gurbinsa da irinsa sak, kamfani ɗaya samfuri ɗaya, kowanne na da lambobin shaidarsa, don haka Windows na iya ganin baƙo.

Kafin a kwance noti ɗaya

Abu na farko, shiga Settings ka duba shafin Activation. A Windows 10 yana ƙarƙashin Update & Security, a Windows 11 yana ƙarƙashin System. Ka karanta jimlar da ke wurin har ƙarshenta. Idan ta tsaya a "activated with a digital license", lasisin na kan bod kaɗai, babu igiya. Abin da ake so shi ne a ga ta ci gaba da "linked to your Microsoft account". Idan babu wannan wutsiyar, sai ka shiga Windows da asusun Microsoft maimakon asusun cikin gida, kuma asusun ya kasance mai ikon gudanarwa. Ka jira jimlar ta canja da idonka. Kada ka ɗauka ta ɗauru don kawai ka shiga. Wanda bai son zama da asusun Microsoft na iya komawa na cikin gida bayan an gama aikin. Abin da ba zai yiwu ba shi ne ɗaurawa bayan an cire tsohon bod, domin a lokacin babu tabbataccen lasisin da za a ɗaura.

Na biyu, rubuta ainihin nau'in Windows ɗinka. Umarnin winver zai nuna. Home daban, Home Single Language daban, Pro daban, masu harafin N a ƙarshe su ma daban. Lasisin ɗaya ba ya buɗe ɗaya.

Na uku ƙaramin abu ne da ke hana ruɗani: ba kwamfutar suna da za ka gane. Windows kan raɗa wa na'ura suna irin DESKTOP da tarkacen haruffa a bayansa, kuma wanda ya sha ɗora Windows zai tarar da irin waɗannan huɗu ko biyar a asusunsa. Ranar da aka ce ya zaɓi wadda lasisin ke kai, sai ya kama caca. Sannan kada tsabta ta ɗebe ka ka goge tsohuwar na'urar daga jerin na'urorin asusunka kafin a gama. Daga wannan jerin za ka zaɓe ta.

Mai Retail kuma ya nemo mabuɗinsa na asali da shaidar saye, rasit ne ko wasiƙar imel. Wanda ya saya daga shagon Microsoft na intanet zai ga cinikin a tarihin sayayyar asusunsa.

BitLocker ya fi lasisi haɗari

Wannan ba batun lasisi ba ne kai tsaye, amma rana ɗaya suke tasowa, kuma asararsa ta fi muni nesa ba kusa ba. Lasisi idan ya kuɓuce ana sayen wani. Rumbun da aka kulle aka rasa mabuɗinsa kuwa, ko Microsoft ba zai iya buɗe shi ba.

BitLocker na kulle duk abin da ke cikin rumbu, ya damƙa sirrin buɗewa ga TPM, wani ɗan sashen tsaro da ko dai guntu ne a kan bod, ko yana cikin furosesa ko chipset. Sabon bod, sabon TPM, wanda bai san sirrin ba. Kwamfuta za ta tashi ta tsaya a shuɗiyar fuska tana neman mabuɗin ceto mai lambobi 48. Da yawa ba su ma san rumbunsu a kulle yake ba, domin laftof masu yawa na zuwa da kullewar a kunne, kuma daga fitowar 24H2 ta Windows 11 sabuwar ɗorawa kan kunna ta da kanta idan aka shiga da asusun Microsoft, har a kan Home.

Umarnin manage-bde -status zai nuna ko a kulle yake. Idan haka ne, manage-bde -protectors -get C: zai fito da lambobi 48 ɗin. A kwafe su a takarda, a sake karantawa a gwada rukuni-rukuni, rukuni takwas ne masu lamba shida-shida. Galibi akwai kwafinsu a asusun Microsoft, amma a tabbatar tun kwamfutar na aiki, kuma kada a adana su a cikin rumbun da ake tsoron ya kulle. Don sabunta BIOS, dakatar da kariyar ya wadatar. Sai dai a lura, dakatarwa ta yau da kullum kan dawo da kanta bayan tashi ɗaya, alhali aikin na iya ɗaukar tashi uku ko huɗu. Ƙara -RebootCount 0 a kan umarnin manage-bde -protectors -disable C: shi ke sa ta tsaya har sai ka mayar da ita. Don canja bod gaba ɗaya, ya fi kwanciyar hankali a kwance kullewar baki ɗaya da manage-bde -off C:, a jira ta kai ƙarshe, a sake kullewa bayan komai ya daidaita. Yana cin lokaci a kan babban rumbu, amma lokacin bai tafi a banza ba.

Ga masu AMD, TPM ɗin da ake kira fTPM da furosesa yake tafiya. Ka canja furosesa a kan bod ɗin da kake da shi, a tashin farko za ka ga baƙar fuska da farin rubutu tana cewa an ga sabuwar furosesa, a danna Y a share fTPM ko N a bar tsohon bayani. Mai gaggawa kan danna Y bai karanta ba. Idan babu kullewa, abin da zai rasa kawai shi ne lambar PIN ta shiga Windows, wadda ita ma a TPM take. Sai ya shiga da kalmar sirrin asusunsa ya sake saita ta. Wannan ya sa dole a tuna kalmar sirrin kafin aiki, domin wanda ya shekara biyu yana shiga da PIN sau da yawa ya manta da ita. Idan kuwa akwai kullewa kuma babu lambobi 48, danna N, kashe, mayar da tsohuwar furosesa, ɗauko lambobin, sannan a dawo.

Bayan an ɗaura sabon bod

Wani lokaci Windows ba ta ma tashi balle a kai ga maganar lasisi. Dalilai biyu ne suka fi yawa. Ko dai tsohon rumbun na kan MBR, tsohon tsarin raba rumbu, sabon bod kuma UEFI, sabon salon BIOS, kaɗai ya sani sai an kunna masa CSM, saitin da ke kwaikwayon tsohon salon. Maganinsa shi ne juya rumbun zuwa sabon tsarin GPT tun a tsohon bod, da mbr2gpt /validate /allowFullOS sannan mbr2gpt /convert /allowFullOS, bayan an kwafe muhimman fayiloli wani wuri. Ko kuma tsohon bod na magana da rumbu ta saitin AHCI, sabon ya zo da wani saitin daban, VMD ko RAID, a kunne, sai a ga shuɗiyar fuska mai cewa INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE. Kashe wannan saitin a BIOS kan warware ta. Babu ɗaya cikinsu da ke bukatar fomatin, amma firgici kan sa a yi, a kuma ɗora nau'in da ba shi ba, matsala ɗaya ta haifi biyu.

Da ta tashi, a haɗa ta da intanet, a duba agogo da kwanan wata. Sabon bod kan zo da agogon da ya kauce, kuma wannan kaɗai na iya jawo kuskure mai lamba 0x80072F8F. Sai a koma shafin Activation. Lambar da aka fi gani a wannan gaɓar ita ce 0xC004F211, ma'ana Windows ta ga kayan na'ura sun canja, ko 0xC004F213, ma'ana ba ta ga mabuɗi a na'urar ba, ko 0x803F7001, ma'ana ba ta sami ingantaccen lasisi ba. Duk uku hanya ɗaya ake bi. A danna Troubleshoot, wanda ba ya bayyana sai Windows ba ta da tabbaci. Zai yi bincike ya ce ya kasa; kada a rufe. A ƙasa akwai ɗan rubutu, "I changed hardware on this device recently". A danna shi, a shiga da asusun da aka ɗaura wa lasisin, a zaɓi tsohuwar na'urar daga jeri, a sa alama a "This is the device I'm using right now", a danna Activate. Idan komai ya dace, cikin daƙiƙoƙi an gama.

Idan ya ƙi, Microsoft da kansa ya lissafa dalilan da ke sa haka: nau'in Windows bai yi daidai da na lasisin ba, irin na'urar bai dace ba, kamar a nemi ɗaukar lasisin laftof a kai wa kwamfutar tebur, ba a taɓa tabbatar da Windows a tsohuwar na'urar ba, an kai iyakar sau nawa ake iya sake tabbatarwa, wani mai ikon gudanarwa a na'urar ya riga ya yi amfani da damar, ko na'urar na ƙarƙashin kulawar wata ma'aikata. Akwai kuma na bakwai da ya fi su sauƙi, shiga da asusun da ba shi ba, wanda ke faruwa ga duk mai adireshin imel fiye da ɗaya.

Mai mabuɗin Retail ba sai ya dogara da wannan hanyar ba. Zai iya danna Change product key ya rubuta, ko ya yi slmgr /ipk da mabuɗin a gaba, sannan slmgr /ato. Idan ya ga 0xC004C008, sabar na ganin mabuɗin yana kan wata kwamfuta, wato tsohon bod ɗinsa ne take nufi. A nan haƙƙi na gefensa, kuma sashen tallafi na Microsoft ne ke warwarewa: a faɗa musu an canja bod, kwamfuta ɗaya ce ke amfani da mabuɗin, ga shaidar saye. Mai OEM kuwa, gaskiya ita ce hanyar Troubleshoot kan wuce da shi wani lokaci, amma ba alkawari ba ne, kuma sharuɗɗan ba su ba shi ba. Wanda zai canja bod don ƙarin ƙarfi alhali lasisinsa OEM ne, gara ya sa kuɗin sabon lasisi cikin lissafinsa tun farko.

Canji saboda lalacewa daban yake. Idan bod ya mutu aka maye shi da irinsa ko wanda masana'anta ta ba da a madadinsa ƙarƙashin garanti, lasisin OEM bai faɗi ba. Masana'anta kan rubuta mabuɗi a sabon bod ɗin ko ta ba da shi tare da gyaran. Kafin a karɓi kwamfuta daga wurin gyara a buɗe shafin Activation a gani, kuma a riƙe takardar gyaran.

Rikicin Home da Pro

Wannan ya cancanci a tsaya a kansa domin yana da wuyar ganewa. Laftof ta zo da mabuɗin Home a BIOS, daga baya mai ita ya sayi hawa zuwa Pro. Ranar da ya sake ɗora Windows daga filash, manhajar ɗorawa ba za ta tambaye shi nau'in da yake so ba. Za ta leƙa BIOS, ta ga Home, ta ɗora Home. Sai ya zaci Pro ɗinsa ta salwanta. Ba ta salwanta ba, tana rubuce a sabar. Abin yi shi ne a mayar da Windows ɗin Pro ta Change product key, da mabuɗin Pro da aka saya ko da na gama-garin nan mai ƙarewa da 3V66T, wanda ya fi karɓuwa idan an cire intanet tukuna. Da an mayar da intanet lasisin dijital zai kama. Masu ɗorawa da yawa kan saka ƙaramin fayil mai suna ei.cfg a jakar sources ta filash ɗin, wanda ke tilasta wa manhajar ta nuna jerin nau'o'i a zaɓa.

Haka abin yake da bod na hannu da aka ciro daga kwamfutar masana'anta: yana iya zuwa da nasa mabuɗin a ciki, na wani nau'in daban. Lambar 0xC004F212 ita ke nuna mabuɗi da nau'in da aka ɗora ba su jitu ba.

Ƙofar da aka rufe a 2023

A hukumance hawa kyauta daga Windows 7 da 8 ya ƙare ran 29 ga Yulin 2016, amma mabuɗan tsoffin sun ci gaba da buɗe Windows 10 da 11 har shekara bakwai bayan nan. A Satumbar 2023 Microsoft ya toshe wannan hanyar. Kwamfutocin da suka riga suka hau lasisinsu na nan. Illar tana kan mai canja bod: a da idan komai ya ƙi, yakan ɗauko tsohon kwalin Windows 7 ya rubuta mabuɗin a wuce, yanzu kuwa sabar ba ta karɓa. Ga irin wannan mutum, ɗaurin asusu shi ne igiya ɗaya tilo da ta rage, kuma ko ita ba kullum take jawowa ba.

Abin ya zo daidai lokacin da mutane da yawa ke canja bod ba don sha'awa ba. Tallafin Windows 10 ya ƙare ran 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma na neman TPM 2.0 da furosesar Intel daga zubi na takwas (8th Gen) ko Ryzen 2000 ta AMD zuwa sama. Labari mai daɗi a nan shi ne lasisin 10 da na 11 ɗaya ne: Home na buɗe Home, Pro na buɗe Pro. Shawara mafi inganci ita ce a raba aikin biyu. A canja bod a kan Windows ɗin da ake da ita, a ga tabbatarwa ta kama, sannan a hau 11. Idan aka haɗa su rana ɗaya aka sami matsala, da wuya a gane daga ina ta fito.

Mabuɗan araha da ragowar ma'aikatu

Mabuɗan da ake tallatawa a intanet da kuɗin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na farashin gaske ba, da yawansu MAK ne, wato mabuɗin Volume, da aka ɓalle daga wata yarjejeniyar ma'aikata, ko mabuɗan da aka ba masu rubuta manhaja don gwaji. MAK na da ƙayyadadden adadin tabbatarwa, ana sayar wa mutane da yawa guda ɗaya har ya ƙare ko a toshe shi. Yakan yi aiki ranar farko, shi ya sa mai saye ke gamsuwa. Ranar canja bod ce ke tona asiri, da lamba 0xC004C003, kuma babu inda za a kai ƙara.

Kwamfutar da ta fito daga wata ma'aikata kuma tana iya kasancewa a kan KMS, inda tabbatarwa ke ɗaukar kwana 180 kacal, ana sabunta ta daga sabar ma'aikatar. Da ta bar gidan, agogo ya fara bugawa. Bayan wata shida sai 0xC004F074. Idan slmgr /xpr ya nuna ranar ƙarewa, ba ka da lasisin da za ka ɗauka zuwa sabon bod. Amma a duba BIOS ɗinta da umarnin PowerShell na sama kafin a sayi komai, domin irin waɗannan kwamfutocin galibi suna da mabuɗin Pro na masana'anta a kwance a ƙarƙashi, wanda ke aiki muddin bod ɗin nata ne.

Windows 10 ko 11 da ba a tabbatar ba ba ta kulle kanta, ba ta goge fayil, kuma 11 na ci gaba da karɓar sabuntawa. Illarta ita ce rubutun kusurwa da hana canja hoton fuska da launuka. Saboda haka akwai sararin bin matakan nan a natse kwana biyu ko uku, ba sai an ruga sayen mabuɗin farko da aka gani ba.

Saura tsohon bod. Idan za a haɗa wata kwamfuta da shi ko a sayar, kuma lasisin Retail ya koma sabo, dole a cire shi daga tsohon: slmgr /upk na cire mabuɗin, slmgr /cpky na share shi daga rajistar Windows. Waɗannan umarnin a cikin na'urar kaɗai suke aiki, ba sa aika wa Microsoft sanarwar cewa an saki mabuɗin, shi ya sa 0xC004C008 kan iya fitowa ko bayan an yi su. Kuma tunda sabar na iya ci gaba da gane zanen yatsan tsohon bod, wanda ya saye shi zai iya ganin Windows ta tabbatar da kanta. A gaya masa tun wurin ciniki cewa lasisin ya tafi da mai shi, bod ne kawai ya saya.